Labarin Littattafan Gidan Yari, da Hanyar Neman Sunan Wanda Aka Taɓa Ɗaurewa

Cikin ma'aikatun En'e duka babu wadda a ke ƙyamar tunawa da ita kamar gidan yari. In tsofaffin ma'aikata suka haɗu a zaure ana taɗin zamanin da, sai ka ji wannan ya ɗauko labarin Baitulmali da ƙidayar jangali, wancan ya ɗauko na dogarai da jajayen rigunansu, wani kuma na makarantar Midil. Amma da wuya ka ji mutum ya buɗe baki ya ce shi ne ya riƙe littafin fursunoni shekara kaza. Ga shi kuwa cikin takardun da En'e ta bari kaɗan ne suka kai wannan littafi nauyi, gama kowane layi a cikinsa mutum ne, da ranar da aka raba shi da iyalinsa, da ranar da ya kamata a mayar musu da shi.

Yanzu masu neman labarin littafin nan sun yi yawa. Akwai jikan da ya tashi ya ji ana raɗa wai kakansa ya taɓa yin jarun, yana so ya sani ko sata ce ko siyasa. Akwai mai shari'ar gado ko ta gona, wanda ke bukatar ya tabbatar da inda wani ya ke a wata shekara. Akwai kuma ɗaliban jami'a. Galibinsu su kan nufi gidan yarin garin kai tsaye, su tambayi mai tsaron ƙofa, a ce musu ba a san zancen ba, su juya suna cewa an ƙone takardu. Wani lokaci gaskiya ne, takardun sun halaka. Amma sau da yawa suna nan, sai dai an soma nema daga wutsiya. Wanda ya ke son ya sami fursuna na zamanin En'e, ya fara da kotun da ta ɗaure shi, domin ita ce ke nuna gidan da aka kai shi da hukumar da ta riƙe takardarsa. Dalilin wannan kuwa ba ya fahimtuwa sai an koma baya, an ga yadda aka yi ƙasa ɗaya ta zauna da gidajen yari iri biyu har shekara sittin da 'yan kai.

Tun kafin zuwan Turawa manyan biranen daular Sakkwato suna da wuraren tsaro, da Yari mai riƙe da su, da dogarai masu kamu. Amma ɗauri a lokacin ba shi ne babban hukunci ba. Shari'a ta fi tafiya da haddi, da bulala, da diyya, da tara. Kurkuku wurin ajiya ne na wanda a ke jira a yanke masa hukunci, da mai taurin bashi, da bawan da ya gagari ubangijinsa, da wanda Sarki ya yi fushi da shi. A Kano an san Gidan Ma'ajin Watari, inda a ke kai bayi a hore su. Tun da ya ke ba a cika yanke wa mutum wata shida ko shekara biyu da lissafin kwanaki irin na yanzu ba, ba a bukaci littafin da zai ƙidaya kwanakin ba. Alƙalai malamai ne, suna rubutu, sarakuna kuma suna aika wa juna wasiƙu da Larabci a kan ɓarayi da bayin da suka gudu. Amma jerin sunayen waɗanda ke tsare, da ranar shiga da ta fita, wannan kada mai nema ya sa rai da shi cikin abin da ya gabaci 1903.

Da sojan Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Gwamna Lugga ya shiga kurkukun birnin da kansa, ya rubuta abin da ya gani cikin rahotonsa zuwa Ingila. Ya ce ɗaki biyu ne, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa 7, bisansa 11. Babu taga, sai wata 'yar ƙofa wadda tsawonta bai wuce ƙafa biyu da rabi ba. Ya ce kuma mutum 135 a ke cusawa ciki kowane dare. Mai karatu ya riƙe cewa wanda ya ci ƙasa da yaƙi yana da bukatar ya nuna munin abin da ya tarar, don a ga dalilin zuwansa. Duk da haka, ko an rage rabin adadin, abin ya isa tashin hankali. Rahoton ya adana mana awon ɗakin ƙafa da ƙafa, sunayen mutanen da ke ciki kuwa suka tafi tare da su.

Turawa a lokacin kaɗan ne, kuɗinsu kuma kaɗan, saboda haka suka bar wa sarakuna kotunansu da dogaransu da kurkukunsu, a ƙarƙashin idon Razdan. Dokar kotunan ƙasa ta fito tun 1900, aka sake ta a 1906. Gwamnati kuma ta gina nata gidajen, da fari a Lakwaja da Zungeru, daga baya Kaduna da Jos, ta sa su hannun 'yan sandanta. Da aka kafa Baitulmali wajen 1911, sai gidan yarin Sarki ya zama ma'aikata mai kasafi. Yari da gandirobobi suka shiga albashi, abincin fursuna ya zama abin da Ma'aji ke biya, Ma'aji kuwa ba ya fid da ko anini sai da takarda. A ganinmu nan ne asalin littafin. Tausayi ya taimaka, dokar gidajen yari ta 1916 ma ta taimaka, amma abin da ya tilasta a ƙidaya fursunoni kowace safiya shi ne mudun dawar da za a auna musu. A cikin wannan zamani ne aka gina gidan yari na Kurmawa a Kano, kusa da fada, wajen 1910, daga baya aka ƙara na Goron Dutse.

Ƙa'idar rabon fursunoni mai sauƙi ce a baki. Wanda kotun Alƙali ko Majalisar Sarki ta ɗaure, gidan yarin En'e za shi; wanda kotun Turawa ta ɗaure, gidan Gwamnati za shi. Kotun Turawa da fari ita ce kotun lardi, inda Razdan ko Di'o ke zama alƙali. Gwamna Sir Donald Cameron ya soke ta da dokokin 1933, aka kafa kotunan Majistare da Babbar Kotu a madadinta. Su ne ke duba shari'ar baƙin da ba su ƙarƙashin Sarki, da ta mazauna bariki irin su Kaduna da Jos da Lakwaja, da waɗansu laifuffuka da doka ta keɓe musu. Amma a aikace ƙa'idar tana da ƙofofi. Inda babu gidan Gwamnati kusa, a kan ajiye mai gajeren ɗauri a na En'e. Ƙaramar En'e kuwa wadda ba ta da ginin kirki ta kan tura mai dogon ɗauri gidan Gwamnati, alhali manyan En'e irin su Kano da Sakkwato da Borno da Katsina suna riƙe da nasu har masu ɗaurin rai da rai. Don haka kafin mutum ya ɗaga ƙafa zuwa wani ofis, ya zauna da tsofaffin gidansu ya tambaya: kakan nan talakan wane Hakimi ne, a cikin gari ya ke zaune ko a bariki, dogari ne ya zo kama shi ko ɗan sandan Gwamnati, gaban mai rawani aka kai shi ko gaban Bature. Tsohuwar da ta manta shekara ba ta manta launin rigar wanda ya shigo gida ya tafi da mijinta.

Su kotunan En'e ɗin ma hawa huɗu ne, an yi musu alama da haruffan Ingilishi, A da B da C da D. Mai daraja A, watau Majalisar babban Sarki da waɗansu manyan alƙalai, ita kaɗai ke iya yanke hukuncin kisa, shi ma ba a zartar da shi sai Gwamna ya tabbatar. Sauran kowace da iyakar watannin da ta ke iya ɗaurewa, ta D ita ce ƙarama. Wannan yana da amfani ga mai nema, gama in aka ce mutum ya yi shekara bakwai, to, ba alƙalin ƙauye ya ɗaure shi ba, a nufi birni. In kuwa kwana biyu ko uku ya yi a gidan wakafi na Hakimi aka sake shi, da wuya a sami komi, don nan ne rubutu ya fi rauni.

To, bari mu bi fursuna ɗaya mu ga sawun da ya ke bari. Farko dai littafin shari'a, inda muhuti ko magatakardan kotu ya rubuta mai ƙara da wanda aka yi ƙara, da shaidu, da hukunci. Wannan shi ne mafi daraja, don shi kaɗai ke ba da labari. Sauran duk lissafi ne. Daga nan sai waranti, watau takardar ɗauri, mai hatimi ko sa hannun Alƙali, wadda a ke miƙa wa Yari tare da mutumin. Ba a yarda Yari ya riƙe kowa ba tare da ita ba. Malamin gidan yari ya ɗauki abin da ke cikinta ya shigar a rajista: lamba, suna, gari, laifi, kotu, ranar hukunci, tsawon ɗauri, ranar fita, da kayan da aka karɓa hannunsa. A kan kuma siffanta mutum da tsagar fuskarsa da tabon jikinsa, abin da ya kan raba gardama inda Audu goma suka haɗu a shafi ɗaya. Masu jiran shari'a, da masu bashi, da mahaukatan da aka rasa inda za a kai su aka ajiye a gidan yari, ba a cikin jerin waɗanda aka yanke wa hukunci su ke ba, saboda haka rashin ganin suna a wannan jeri bai nuna mutum bai kwana gidan ba.

Akwai kuma takardun da ke hawa sama. Kotu tana aika wa Di'o jerin shari'o'in da ta yanke, yana da iko ya rage hukunci ko ya sa a sake shari'a. Yana kuma shiga gidan yari ya jera fursunoni, ya gwada kowane da warantinsa, ya ji mai kuka. Likita yana dubawa, in wani ya mutu a tsare ya rubuta. Razdan ya tattara duka cikin rahoton lardi na shekara, ya aika Kaduna. Wannan rahoto ba ya kawo sunaye sai nadiran, adadi ya ke bayarwa, na waɗanda suka shiga da waɗanda suka mutu da waɗanda suka tsere. Amma shi ke nuna shekarar da annoba ta faɗa gidan, ko aka kwashe fursunoni aka kai wani wuri. Abin da zamani ya nuna shi ne takardar da ta hau sama ita ce ta fi tsira. Wadda ta kai ofishin Razdan ta shiga fayil mai lamba, daga baya aka kwashe ta zuwa ma'ajiyar takardu. Wadda ta zauna a sito na En'e kuwa ta haɗu da gara da ɓera da yoyon damina.

Shi ya sa shari'ar da aka ɗaukaka ta fi kowace sauƙin samu. A 1943 kotun Sarkin Musulmi ta yanke wa Ahmadu Sardauna ɗaurin shekara ɗaya a kan zargin kuɗin jangali, sa'ad da ya ke aiki a Gusau. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa, aka wanke shi. Wanda ya tsaya ga hukuncin farko kaɗai zai tafi da rabin labari, rabin da ya tafi da shi kuwa shi ne wanda aka soke. Haka kuma shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu a 1947: kotun Sarkin Gwandu ta yanke kisa, magana ta hau har Kotun Afil ta Afirka ta Yamma, ita kuwa ta soke hukuncin, don ta ga a dokar Gwamnati laifin bai kai na kisa ba, saboda tunzurawar da ke ciki. Shari'ar ta girgiza alƙalai, ta zama ɗaya daga cikin dalilan gyare-gyaren da suka ƙare da kundin laifuffuka na 1959, wanda ya fara aiki a 1960. Tana nan an buga ta cikin littattafan rahoton shari'a, kowane ɗakin karatu na lauyoyi yana iya nuna ta. Kullum mai nema ya tambayi kansa ko an yi afil, ko an yi rangwame, ko an yi afuwa, kafin ya ce ya san ƙarshen magana.

Wanda ya ke so ya ga yadda littafin Majalisar Sarki ya ke tun bai je ma'ajiya ba, akwai misali a buge. Wani malamin tarihi, Allan Christelow, ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'i daga littafin Majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga su da Ingilishi a 1994. Asalin rubutun da Larabci ya ke, gajere gajere: wane ya kawo ƙarar wane, aka ce kaza, Sarki ya hukunta kaza.

Akwai wani kashi na uku na tsararru wanda ba ya cikin rajistar En'e ko ta Gwamnati, su ne waɗanda Gwamna ya tsare da umurninsa ba tare da hukuncin kotu ba. Sarkin Kano Alu ya zauna Lakwaja har ya rasu a 1926, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma can ya rasu a 1924. Shehu Sa'idu ɗan Hayatu an kama shi a 1923, aka kai shi Buea cikin ƙasar Kamaru, ya yi shekaru masu yawa kafin a bar shi ya zauna Kano. Irin waɗannan ba su da lambar fursuna. Labarinsu yana cikin fayilolin Sakatariya, da kuɗin abincinsu, da wasiƙun da suka rubuta suna roƙon a mayar da su gida.

Yanzu mun zo wurin da ba shi da daɗin faɗi cikin littafin tunawa irin wannan, amma barinsa ha'inci ne. Daga kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950 har zuwa juyin mulkin Janairu 1966, an yi amfani da kotunan En'e da 'yan doka da gidajen yari wajen danne 'yan hamayya. Ba a rubuta siyasa a gurbin laifi. Abin da za ka gani shi ne zagi, ko taro ba da izini ba, ko tada hankalin jama'a, ko raina kotu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, an ce sau 16 aka ɗaure ta. Ga kuma talakawa da yawa waɗanda ba wanda ya riƙe sunansu, tela ne ko mahauci ko manomi, da aka yi wa wata uku don ya saurari lacca. Saboda haka jikan da ya ga an rubuta wa kakansa irin wannan laifi cikin shekarar zaɓe, ya duba shafin duka, ya ga mutum nawa aka ɗaure rana ɗaya a kan magana ɗaya, sa'an nan ya duba jaridun lokacin. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairu 1939, a wancan lokaci kuwa ta kan kawo labarin shari'u. Malamin da ya riƙe littafi a waɗannan shekaru ba shi ya yanke hukunci ba. In ya rubuta suna daidai da rana daidai, to, rubutun nan nasa shi ne yau shaidar wanda aka zalunta.

Wannan zalunci, haɗe da rashin daidaito tsakanin gidan yarin babbar En'e da na ƙarama, shi ya jawo ƙarshen tsarin. Gwamnatin soja ta kafa kwamiti a 1966 a ƙarƙashin Yusuf Gobir ya duba zancen 'yan sanda da gidajen yari, ya ba da shawara a haɗe su. Ran 1 ga Afrilu 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. A wannan tsakani aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma hannun jihohi da sunan kotunan yanki, 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan Nijeriya. Ita En'e kanta ta ƙarasa tafiya da gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Gida ɗaya ke nan aka raba wa magada uku, takardu kuma suka bi gine-ginen da su ke ciki. Rajistar fursunoni, inda ta tsira, ta zauna gidan yari, hannun Tarayya. Littafin shari'a ya bi kotu, hannun ma'aikatar shari'a ta jiha. Wasiƙun ofishin En'e suka rage a fada, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko aka kai su hukumar tarihi ta jiha. Mai tsaron ƙofar nan da ya ce bai san zancen ba, gaskiyarsa ya faɗa.

Babban masaukin mai nema shi ne Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, 'yar'uwar ta Badun da ta Inugu, waɗanda asalinsu aikin Kenneth Dike ne tun 1954. An jera takardunta bisa ofishin da suka fito. Na Sakatariyar Lardunan Arewa suna ƙarƙashin alamar SNP. Na larduna kuwa kowanne da tasa, KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, KATPROF na Katsina, MAIPROF na Borno, haka har sauran. Ba a jera su da sunan mutum ba, kada wani ya je yana tsammani zai faɗi sunan kakansa a ɗauko masa. Littafin jerin fayiloli za a ba shi, ya bi da yatsa yana neman na gidan yari, da na kotunan ƙasa, da na hukuncin kisa, da rahoton shekarar da ya ke so. Ya kuma tuna iyakar lardi ta sha canzawa: Katsina ta zauna cikin lardin Kano, ta koma na Zariya, kafin ta zama lardi mai zaman kanta a 1934, don haka shekarar shari'a ita ke nuna alamar da za a duba. A Kaduna kuma akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970. A Kano akwai hukumar tarihi a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai ta Waziri Junaidu. Abin da ya kai Landan yana ma'ajiyar Ingila da ke Kew, wasiƙun Arewa na kafin 1914 a ƙarƙashin CO 446, na bayan haɗewa a CO 583. Sai dai fursunan da sunansa ya kai can, ba ƙaramin al'amari ya jawo ba.

Tarko biyu ke kama baƙon ma'ajiya, suna da kwanan wata. Sunan mutum ɗaya ya kan fito iri uku. Alƙali ya rubuta Muhammad da Larabci, malamin gidan yari ya rubuta Mamman da boko ko da ajami, Bature ya rubuta Momodu. Abdullahi ya zama Audu, Abubakar ya zama Garba ko Habu ko Buba. Haruffa masu lanƙwasa ba su zauna cikin boko ba sai wajen ƙarshen shekarun 1930, keken rubutun ofis kuwa ya daɗe ba shi da su, saboda haka Baƙo da Bako duk ɗaya ne a takarda. Sunan mahaifi a haɗe da na mutum bai zama al'ada ba sai daga baya. An fi jingina shi ga garinsu ko sana'arsa ko laƙabinsa. Wanda aka san shi a gida da Alhaji wane, mai yiwuwa cikin rajista Ɗan Azumi Maƙeri ne. Sai a tafi da dukan sunayen da aka taɓa kiransa da su tun na yarinta.

Kwanan wata kuma, littafin Alƙali na farkon zamani da shekarar Hijira ya ke tafiya, ita kuwa ta gaza ta Turawa da kwana 11. Hanyar kusantarwa ita ce a cire uku daga kowane ɗari, a ƙara 622. Misali 1331: a cire 40, saura 1291, a ƙara 622, ya ba da 1913. Wannan lissafi yana iya kuskure da shekara ɗaya, don haka a duba ta gaba da ta baya. In tsofaffi ba su riƙe shekara ba, a tambaye su zamanin wane Sarki ne, ko kafin yunwar 1914 ko bayanta, ko lokacin yaƙin Hitila, ko shekarar zuwan Sarauniya, watau 1956.

Wanda kuwa ya ke neman ɗan'uwansa mai rai da ke tsare yau, hanyar ba ta sake ƙwarai ba. Ya san ofishin 'yan sandan da suka yi kamu, da kotun da aka kai shi, da lambar shari'a; rajistaran kotu ya gaya masa gidan da waranti ya nufa, can kuma ofishin rajista ya tabbatar masa. Tun dokar Agusta 2019 sunan hukumar ya koma ta gyaran hali. Wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare masu jiran shari'a ne, su ne kuwa suka fi saurin ɓacewa in fayil ya ɓata. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta wajabta wa shugaban hukumar ya riƙa miƙa wa manyan alƙalai, kowane kwana 90, sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jira. Aikin da Di'o ke yi da can, na gwada mutum da warantinsa, shi ne aka mayar doka. Mara ƙarfin ɗaukar lauya yana da Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976.

A watan Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali tare da na Tarayya. Watau gida biyu da aka haɗe a 1968 suna iya sake rabuwa. A Amurka dama haka su ke zaune, har hawa uku: kurkukun gunduma na masu jiran shari'a da gajeren ɗauri, da na jiha, da na tarayya, kowanne da jerinsa. Na tarayya an zuba shi a intanet, ana iya neman duk wanda aka tsare tun daga 1982, amma wanda ke kurkukun gunduma ba zai fito a ciki ba, su ma sai sun san kotu tukuna. Jihar da za ta gina nata gida a nan, ya kamata ta yanke tun farko inda kwafin kowane waranti zai hau, da wanda zai riƙe shi.

Saura magana ɗaya gare ku, tsofaffin ma'aikata da 'ya'yan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Lokacin da aka yi ta miƙa ofisoshi tsakanin 1968 da 1976, waɗansu littattafai sun bi masu riƙe da su gida, don ba a sami wanda zai karɓa ba, suna nan cikin adaka tare da takardar fansho da lambar girma. Wanda ya ke da irin wannan, kada ya liƙe yagaggen shafi da salatif, don yana cin takarda. Kada ya ware ɗinkin littafin. Ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ya nisanta shi da bangon da ke jiƙa. Ya sa a ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, har da bango da shafin da ba rubutu, kana ya kai asalin hukumar tarihi ta jiharsa ko Arewa House, ya karɓi rasit. Kada kuma a watsa hotunan ga kowa da kowa, gama cikin sunayen nan akwai waɗanda 'ya'yansu ke raye a unguwa ɗaya da mu. A jikin takardar da za a haɗa da littafin a rubuta sunan gidan yarin, da shekarun da ya ƙunsa, da sunan malamin da ya riƙe shi.